Jarumai Bakwai a Shafi Guda

A daminar 1995, ina ɗan shekara goma sha biyu, ruwa ya yi gyara a gidanmu da ke Kibiya, ya cinye bangon ɗakin kawuna na gabas. Da gari ya waye aka fito da kayansa tsakar gida domin a shanya. Cikinsu har da wata tsohuwar adaka da ban taɓa ganin an buɗe ba. Akwai takardun makaranta a ciki, da katin shaidar aiki na wata masaƙa a Bompai inda ya yi ƙuruciyarsa, sai kuma wani ƙunshin mujallu da aka ɗaure da tsumma, gefensu ya sha ruwa ya kumbura. Ni aka sa in baza su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, in zauna gadi kada awaki su ci.

Awaki ba su ci ba, amma ni ban tashi daga wurin ba har la'asar. Wata mujalla a cikinsu ba ta da bango, ba ta da shafin ƙarshe. A tsakiyarta akwai zanen da ya cika shafi biyu: wani mai sulken ƙarfe ja da rawaya yana tashi sama, wani mai guduma yana kiran tsawa, wani mai garkuwa zagayayya ya durƙusa yana kare wata mace, can gefe kuma wani siririn mutum ya ja baka ya ɗana kibiya. Turancina a lokacin bai wuce na gaida malami ba, amma ban buƙaci tafinta ba. Na gane cewa abin da ya taso musu ya fi ƙarfin kowane ɗayansu, na kuma gane daga yadda biyu ke harara da juna cewa ba shiri suke yi ba, dole ce ta haɗa su. Kakata ta leƙo ta kafaɗata ta ce, “Maigida, waɗannan aljanun fa daga ina?” Da na yi mata bayani iyakar fahimtata, sai ta taɓe baki ta ce ai wannan tsohon zance ne, ita ma tana da nata: mai gani har bayan dutse, da mai gudun da ya fi iska, da maharbin da ba ya kuskure, waɗanda suka haɗu suka ceto ’yar sarki, aka rasa wanda za a ba. Ta koma kan tankaɗenta.

Na shafe shekaru ina ɗaukar maganar nan tata a matsayin tsokanar kaka da jika. Yanzu da nake koyar da adabi, na dawo ina ganin ta riga ni fahimtar abin, kuma tarihin da zan bi a nan ƙoƙari ne na gano inda ta yi daidai da inda ta yi gajen bayani.

Littafin zane na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam haifaffen Amurka ne. A 1938 wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman, kasuwa ta karɓe shi, kafin shekara biyu kuwa jarumai sun cika rumfunan jarida kamar farin ɗango. A ƙarshen 1940 marubuci Gardner Fox da editansa Sheldon Mayer suka yi dabarar da ta zama tushen abin da nake magana a kai: a fitowa ta 3 ta mujallar All Star Comics suka tara jarumai takwas a tebur guda, suka kira su Justice Society of America. Dabarar ta kasuwa ce tsantsa, yaro ya biya kuɗin mujalla ɗaya ya ga gwanaye takwas, wanda bai sani ba ya san shi ya je ya nemi tasa mujallar. Abin da ya ba ni mamaki da na samu karanta wannan fitowa shi ne, jaruman ba su yi yaƙi tare ba. Zama suka yi, kowa ya ba da labarin abin da ya same shi, kowane labari da mai zanensa, tamkar hirar dandali bayan sallar isha. Raha kuma tun ranar ta shigo, domin akwai wata matar gida da ta kifa tukunya a ka a matsayin kwalkwali ta zo taron, wandonta ya yage, ta sulale ta tafi. Wanda ya ce barkwanci daga baya aka cusa shi cikin irin waɗannan labarai bai duba farkonsu ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar jarumai ta faɗi. Sai a 1960 aka farfaɗo da ƙungiyar da sabon suna, Justice League of America, da mutum bakwai. Ana ba da labarin cewa cinikin da ta yi ne ya sa mai kamfanin da ya zama Marvel ya umarci Stan Lee ya kafa tasa, shi da mai zane Jack Kirby suka fito da Fantastic Four a 1961, sannan Avengers da X-Men a 1963. Mujallar da na shanya a kan tabarma ta Avengers ce. Bambancin da Lee da Kirby suka kawo shi ne sun sa jarumansu suna gardama, suna fushi, suna bin juna bashi. Kirby kuwa ya koya wa takarda motsi: idan jaruminsa ya kai naushi, dunƙulen hannun yakan fi kansa girma, ya taho kamar zai faso shafin ya same ka a hanci.

Mu a nan, ba ta wannan ƙofa abin ya fara shigo mana ba. Mafi yawan abin da ke cikin adakar Kawu wata mujalla ce mai suna African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa 1972. Hotuna ne na mutane na gaske, baƙaƙe irinmu, an jera su gida-gida, an sa wa kowa kumfar magana a saman kai. Gwarzon shi ne Lance Spearman, ɗan sandan ciki mai malafa da kwat, wanda Kawu ke kira Sifiya. Shi ma ba shi kaɗai yake aiki ba: akwai Sonia mai faɗa da hannu da ƙafa, da Kyaftin Victor na ’yan sanda, da yaro Lemmy, ga kuma mugu Rabon Zollo. Kawu ya ce a zamaninsu mutum ɗaya ke saya a Sabon Gari, layi guda na ma’aikata su karanta, wanda ya iya Turanci ya riƙa fassarawa da ƙarfi yana ƙara gishiri. Na tambaye shi me ya burge su. Ya ce, “Kai yaro, mu da muka saba ganin baƙin mutum yana ɗaukar wa Bature kaya a sinima, sai ga namu shi ake gudu.”

Ƙarƙashin waɗannan akwai Powerman kwafi huɗu. Wannan zane ne na hannu, an yi shi musamman domin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, amma a Ingila aka rubuta aka zana. Masu zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland, samari ne a lokacin, daga baya suka zama manya a wannan sana’a. Gibbons ne ya zana Watchmen. Jarumin baƙar fata ne, yana tashi sama, ba abin da ke karya lagonsa sai saran maciji. Wani abu da na lura da shi tun ina yaro ban san ma’anarsa ba: kowane gidan zane an sa masa lamba, 1, 2, 3, har ƙarshen labari. Sai da na girma na karanta cewa Gibbons da kansa ya bayyana an umarce su da yin haka ne don ana ganin mai karatu na Afirka ba zai san inda zai bi da ido ba. Na tuna kaina a kan tabarma, ina bin shafukan Avengers marasa lamba, cikin harshen da ban iya ba, ban ɓata ko sau ɗaya ba. Ban san ko dariya ta kamace ni ko haushi ba, har yau kuma ban yanke ba. A daidai wannan lokaci, 1976, Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a Legas, wadda ta haifi Papa Ajasco, ta nuna cewa ɗan ƙasa zai iya zana wa ’yan ƙasa su saya. Sai dai rahar Legas ce da Turancin Legas, ba kowane uba a Kano zai bar ta ta kwana a gidansa ba.

Da na shiga makarantar kwana a ƙasar Rano, na tarar ba ni kaɗai ke da wannan ciwo ba. Mu biyar ne. Duk wanda ya je Kano hutu, wajibi ne ya bi ta wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Sabon Gari ya tsinto mana abin da ya samu. Ba mu taɓa samun labari ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Za mu sami fitowa ta 5, sai ta 9, sai wata ta shekara goma baya, mu cike giɓin da bakinmu a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Muka raba jaruman a tsakaninmu. Ni ba a ma yi shawara da ni ba: tunda daga Kibiya nake, aka ba ni Hawkeye, mai baka da kibiya, wanda ba ya tashi sama, ba ya ɗaga mota, ba shi da komai sai saiti da tsaurin ido. Na ji zafin rabon da farko. Daga baya na gano cewa ya shiga Avengers a 1965 ne bayan an fara saninsa a matsayin mai laifi, kuma aikinsa a ƙungiyar, ban da harbi, shi ne ya faɗa wa shugaba abin da kowa ke tsoron faɗa. Na riƙe shi hannu biyu.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne wasu kwafi na Justice League na 1987, waɗanda Keith Giffen da J. M. DeMatteis suka rubuta, Kevin Maguire ya zana. Maguire gwanin fuska ne. Yakan zana gira ɗaya ta ɗaga, ko leɓe ya karkace, ka san duk abin da ke ran mutum ba tare da ka karanta kumfar ba. A nan ne wani ɗan fankama mai suna Guy Gardner ya dami kowa da cika baki har ya nemi Batman da faɗa, Batman ya kai masa naushi ɗaya tak ya zube, sauran jaruman suka tsaya suna murna maimakon su ɗaga shi. Mun yi mako muna kwaikwayon wannan. Ba mu ga baƙon abu a ciki ba, domin mun san ɗan damben da ke cika fili da kirari ya faɗi a turmin farko. Haka nan tsokanar da ke tsakanin Human Torch da Thing a Fantastic Four, wannan ya ƙona wa wancan kujera, wancan ya bi shi da gudu, amma ranar wuya kowa ya tsaya wa ɗan’uwansa: mu sunan wannan taubasantaka. Irin wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi ne, ko Bafillace da Babarbare, inda zagi ke zama shaidar zumunci. Ina ganin wannan ne sirrin da masu rubuta labarin ƙungiya suka laluba suka samu, mu kuwa muka gada: mutane masu ƙarfi ba sa zama wuri ɗaya sai an buɗe musu wata kafa ta rage zafi, in ba haka ba su cinye juna kafin abokin gaba ya iso.

A aji uku wani malami ya yi binciken akwatuna, ya tattara abin da muka tara shekara biyu, ya sa aka ƙona a bayan ɗakin cin abinci muna tsaye. Hujjarsa biyu: suna hana karatu, kuma surori ne na mutane tsirara-tsirara. Ba zan ce hujja ta biyu ba ta da tushe ba, domin wasu matan cikin mujallun an zana su da tufafin da ba don yaƙi aka ɗinka ba, mu ma mun sani. Ta farkon ce ban yarda da ita ba har gobe, saboda mu biyar ɗin nan mu ne kan gaba a Turanci a ajinmu, kuma ba daga littafin nahawu muka samo shi ba. Abin da ban sani ba a ranar shi ne wutar tamu tana da ’yan’uwa. A 1948 an tara irin waɗannan mujallu an ƙona a farfajiyar makarantu a wasu garuruwan Amurka. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora musu laifin lalacewar yara, majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kan batun, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa. A Kano ma, a 2007, an ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a bainar jama’a. Duk inda yara suka sami abin karantawa da babba bai zaɓa musu ba, ashana ba ta nisa.

Yanzu in koma ga maganar kakata. Ita tatsuniyar gwanaye ta kawo, amma akwai misalin da ya fi wannan kusa da mu, wanda muke zaune a kansa ba mu gani ba. Sarkin Rano ana yi masa laƙabi da Autan Bawo. Wannan laƙabi kaɗai ya isa ya tuna wa mutum cewa garin nan ɗan ƙungiya ne, kuma ƙungiyar ta mutum bakwai ce. Labarin kowa ya san shi: baƙo ya taso daga gabas, ya zauna Borno, ya gudo, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa makami, ya isa Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma’a, ya auri sarauniya. Ɗansa Bawo ya haifi ’ya’ya shida, suka kafa Daura da Katsina da Zazzau da Gobir da Kano da Rano, aka haɗa da Biram suka cika bakwai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabon aikin da ruwayar ta yi musu. Gobir ta ɗauki yaƙi, ta tsare iyaka ta arewa. Katsina da Daura suka ɗauki kasuwa. Zazzau, da ke kudu, aka ba ta samo bayi, abin da ba ma so mu faɗa da ƙarfi a yau amma yana cikin labarin. Kano da Rano kuwa su ne sarakunan baba, wato rini da saƙa. Kowa da baiwarsa, ba wanda ya isa shi kaɗai. Wanda ya tsara wannan ruwaya ya san abin da Gardner Fox ya sani: in kana so mutane su ɗauki garuruwa bakwai a matsayin abu ɗaya, ka ba kowanne fuska da aiki, ka ba su asali guda, ka sa dodo a farkon labarin.

Na ce “wanda ya tsara” da gangan. Masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun daɗe da nuna cewa ba za a ɗauki labarin Bayajida a matsayin rahoton abin da ya faru ba, domin garuruwan Hausa sun girmi zuwan kowane baƙo, sun taso ne daga duwatsu da kasuwanni da maƙeru a hankali. Duwatsun Rano sun ga mutane tun kafin a san sunan Bawo. Wannan bai rage wa labarin daraja a idona ba, sai ma ya sa na ƙara tambayar amfanin da aka yi da shi. Domin ’yan’uwan nan bakwai ba su zauna lafiya ba. Kano da Katsina sun yi ƙarnoni suna gwabzawa. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, ya ce Sarki Yaji, na ƙarni na 14, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa. Ga abokin rini, ga ɗan uba, ga kuma abin da ya biyo baya. Duk wanda ya karanta littattafan zane ya san wannan al’ada: jarumai biyu in sun haɗu sai sun fara dambacewa kafin su gane abokin gabansu ɗaya ne. Bambancin kawai, a takarda rashin fahimtar shafi shida yake ɗauka.

Kuma kowace ƙungiya tana da ƙofa, ƙofa kuwa tana da wanda aka rufe a waje. Ruwayar da ta ba mu Hausa Bakwai ita ta ba mu Banza Bakwai, ta jingina Zamfara da Kabi da Nupe da Gwari da Yawuri da Kwararrafa da Yarabawa ga ɗan ƙwarƙwara, ta laƙaba musu sunan da ba wanda zai so. Haka kuma labarin ya fara da sarauniya mai mulkin kanta a Daura, ya ƙare da jikoki maza suna rabon ƙasa. Na tuna da Daurama ranar da na gano cewa lokacin da Wonder Woman ta shiga Justice Society a farkon shekarun 1940, ita da ta fi yawancinsu ƙarfi, muƙamin da aka ba ta shi ne sakatariya: maza su tafi yaƙi, ita ta zauna da rajista. Sai 1966 Kirby da Lee suka kawo baƙar fata na farko mai irin wannan daraja, Black Panther, sai 1975 Storm ta shiga X-Men. Jerin sunayen ’yan ƙungiya, a Daura ko a New York, yana gaya maka wanda masu labarin suka ɗauka mutum ne cikakke a zamaninsu.

To, tunda muna da ƙashin labarin, me ya hana mu zana shi? Ba rashin gwarzaye ba ne. Tarihin Kano ya buɗe ne da ƙaton mafarauci mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, kuma a sarauta bayan sarauta yakan jero sunayen barden kowane sarki kamar mai kiran ’yan wasa. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, duk labarai ne da ke roƙon a zana su. Gizo kuwa ya riga Spider-Man iya surutu a tsakiyar haɗari. Ba kuma rashin hannu ba ne: wanda ya ga zayyanar allo, ko aska takwas a gaban riga, ko zaki da maciji a bayan gingimari, ya san akwai masu ido. Magana Jari Ce ma da hotuna ta fito, kuma yawancinmu hoton aku muka fara riƙewa kafin labarinsa.

A ganina abu uku ne suka taru. Na farko kuɗi: shafi ɗaya na zane yana cin yinin mai zane, bugunsa da launi yana cin ninkin na rubutu, kuma daidai lokacin da matasan Kano suka fara buga littattafansu da kansu, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, takarda ta yi tsada. Marubucin da ke harhaɗa kuɗin bugu daga aljihunsa zai iya biyan mai zane ya yi masa bango, ba zai iya biyan shafi arba’in ba. Na biyu, bidiyo ta riga zane isowa: daga Turmin Danya a 1990, duk mai labarin da ke son a gani da ido sai ya nufi kyamara. Na uku shi ne ƙyamar surar mai rai, wadda ta sa gwanintar hannunmu ta fi karkata ga ƙulli da zayyana. Wannan na ukun shi aka fi ambata, ni kuwa shi na fi rainawa, domin mutanen da suka cika gidajen kallo suka kuma manna hotunan ’yan fim a bangon shago ba hoto suke gudu ba. Inda ake bukatar hattara daban ne, kuma Naif Al-Mutawa na Kuwait ya taka wurin: jarumansa, The 99, da ya fara a 2006, har sun haɗu da Justice League a labari guda a 2010, amma da yake ya jingina baiwarsu ga sunayen Allah kyawawa, malamai a Saudiyya suka yi fatawa a kansu. Mai son yin irin wannan a Kano ya ɗauki darasi, ya bar abin da ba na wasa ba a inda yake.

A kudu an ci gaba. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, da jarumai ’yan Nijeriya da ƙungiyarsu. Kamfanin taliyar Indomie ya yi nasa jaruman yara biyar da ya riƙa sakawa a talla. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Roye Okupe, wanda ya ƙirƙiro wa duniya Malika, sarauniya mayaƙiya ta wata daula da ya kira Azzaz. Juya sunan ka ji: Zazzau ce, Amina ce. Ban ji haushinsa ba, aikin ya yi kyau, kuma abin da ka bari a bakin hanya ba ka da bakin cewa an tsince. Amma da Turanci yake, kuma ban taɓa ganin kwafinsa a hannun yaro a Kibiya ba. Abin da yaranmu ke da shi shi ne fina-finan Avengers da ake tura musu a waya a shagon caji, wani lokaci da muryar Hausa a kai. Sun san Thanos, sun san duwatsunsa shida. Na tambayi aji guda na ’yan shekara goma sha huɗu su lissafa mini Hausa Bakwai, mutum biyu suka kai biyar, kuma duka biyun sun manta da Rano, suna zaune a cikinta.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Gaya da Ƙaraye da Bichi, a watan Mayun 2024 aka rushe dokar, a watan Yuli aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku, Rano da Bunkure da Kibiya. Yaron da ya ga an sa garinsa a jeri an cire an mayar cikin shekara biyar, yana da uzuri in ya ɗauka jerin ba abin riƙewa ba ne.

Bara na ba wannan ajin aikin hutu: kowa ya zana Hausa Bakwai a matsayin jarumai, shafi ɗaya, da biro ko fensir. Mafi yawa sun kwafo Superman sun naɗa masa rawani. Wata yarinya daga Tarai ta kawo abin da na ajiye. Ta zana Gobir da takobi da tsagar fuskarsa, Katsina da ma’auni, Daura mace ce riƙe da guga, Kano ƙato ne ya cika rabin shafin yana ture kowa da kafaɗa. Rano ɗan ƙarami ne a kusurwa, hannayensa biyu shuɗi har gwiwar hannu, ta ce duk abin da ya taɓa sai ya rine, don haka ko maƙiyi ya ɓace, in dai Auta ya taɓa shi, za a gane shi a cikin taro. Na tambaye ta me ya sa Kano ke hararar sa. Ta ce, “Malam, ai rigarsa ya taɓa.” A bayan takardar ta fara shafi na biyu, ta ja layukan gidaje shida, ta cika biyu, biron ya ƙare.